Masu Gatarin Ranar Kasuwa

"Fito daga ramin nan."

Baffa Hamidu ne, ƙanin mahaifina, ya faɗa min haka a gaban mutanen garinmu kaf. Ina tsaye cikin kabarin Baba, na miƙa hannu biyu zan karɓi kansa daga makara. Bai ɗaga murya ba. Sunkuyowa ya yi kamar zai gyara likkafani, hancinsa ya zo daidai bakina, sai ya tsaya cak.

"Auwalu, na ce ka fito. Ba da wannan bakin za ka yi wa yayana bismilla ba."

Na fito. Ba wanda ya kama hannuna, da gwiwa na hau. Baffa ya naɗe hannun riga ya shiga, shi ya kwantar da Baba, shi ya juya fuskarsa gabas. Ni ina can bayan sahu kamar baƙon da hanya ta biyo da shi. Ranar kasuwa ce, a rumfar shan giya aka je aka samo ni da hantsi aka ce Baba ya cika. A hanya na tauna goro biyu da ganyen darbejiya, wai a tunanina warin ya mutu. Bai mutu ba.

Ku 'ya'yana, wannan ne abin da ban taɓa zaunar da ku na faɗa ba. Ummi ta tambaye ni ran nan, wai Abba mutum da shagonsa a birnin Kano, da yaransa, me ya sa duk mako sai ka rufe ka tafi maƙabarta kana haƙa da talakawa, ƙawayena suna gani. Na yi mata dariya na ce lada nake nema. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ga sauran nan ina rubutawa a waya da yatsa ɗaya, tsakanin kwastoma da kwastoma. Ku karanta har ƙarshe, kar wanda ya tsallake.

Lokacin da ake aikin dam a Karaye na koyi sha. Ina saurayi, na baro ƙauyenmu na wajen Kurugu na shiga lebura, na haɗu da mutane daga ko'ina. In an tashi aiki jiki ya yi tsami, sai a ce zo ka sha maganin gajiya. Da kwalba na fara, na koma ƙwaryar burukutu. Aikin ya sallame ni, ita ba ta sallame ni ba. Na dawo gida ina noma a gandu tare da Baba da Baffa, amma ranar kasuwa ba ni ba fartanya. Baba ya sani, bai taɓa cewa uffan ba, kallona kawai yake. Wannan kallon har gobe ina ganinsa.

Bayan jana'iza Baffa ya ce za a yi magani, amma a rufe. Aka kawo min rubutu a galan na sha. Aka sa ni na dafa Alƙur'ani a uwar ɗaka na rantse. Kullum maganarsa ɗaya, kar wanda ya ji. Wa ya rage bai ji ba, bayan gari guda ya ga an fitar da ni daga kabari? Rantsuwar nan kwana tara ta yi.

Kafin ta karye, ranar addu'ar bakwai, na kasa zama a zaure. Duk wanda ya shigo sai ya miƙa wa Baffa hannu ya ce ya haƙuri, ni kuma a ba ni kan yatsu. Na sulale na tafi maƙabarta. Can na tarar da wani dogon Bafulatani yana sauke itace daga kan jaki, yana jerawa a gindin bishiya. Muka gaisa, ya yi min ta'aziyya sosai, da hannu biyu. Ya ce sunansa Buba.

"Ina nan ranar," in ji shi. "Itacen da aka rufe mahaifinka da shi, ni na kawo."

Na sunkuyar da kai, na juya zan tafi.

"Tsaya mana. Kai daga kabari aka fitar da kai, ni daga sahun Idi. Na yi amai a kan buzun liman. Shanu goma sha ɗaya na gada, duk ta maƙogwaro suka bi."

Ya ce akwai su su kaɗan, duk irinmu, suna haɗuwa ranar kasuwa a gindin wata tsamiya ta hanyar Gwangwan, can ƙasar Rogo. Ba malami, ba mai magani. Na ce me kuke yi? Ya ce sara. In zan zo in taho da gatari. Na ce to, irin to ɗin da ake yi wa mai talla.

Wata biyu ban je ba. Abin da ya tashe ni Inna ce.

Ni ne ɗan farinta, kuma ni kaɗai ne namiji. Kun san kunyar mutanen da. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in ɗebo ruwa, ƙanwata Hajara za ta kalla ta ce ki gaya wa wancan randa ta bushe, alhali ina zaune a gabanta. Ran nan da yamma tana takaba, tana ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida, na shigo ina tangaɗi kaɗan. Ta aiki Hajara maƙwabta. Ta ajiye faifai.

"Auwalu."

Wallahi sai da na waiga, na ɗauka wani ne ya shigo.

"Mahaifinka yana da ƙani, ya samu mai saka shi. Ni yayyena da ƙannena maza duk sun riga ni. Mace kuwa nata ne ke saka ta a kabari. In tawa ta zo, wa zai karɓe ni?"

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da ɓara. Sau ɗaya kenan ta kira sunana a duniya.

Ranar kasuwa ta zagayo na ɗaure gatarin Baba a bayan keke na kama hanyar Rogo. Matsalar ita ce tsamiya ba ɗaya ba ce a ƙasar nan, kuma yaya za ka tsayar da mutum ka ce masa ina tsofaffin mashaya ke taruwa? Na yi ta zagaye har rana ta fara zafi. A wata mararraba na daure na tambayi wani mai kai rake kasuwa, na yi ƙasa da murya na ce mutanen nan masu sha nake nema. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna min wani gida a bayan gari. Ina isa na gane inda ya turo ni. Tun daga nesa warin ya tare ni, tsamin nan mai ɗumi. Manyan tukwane a kan murhu, maza a kan benci, ana ta shewa. Bakina ya cika da yawu. Ban san lokacin da na jingine keke ba.

Mai gidan wata dattijuwa ce, na ji suna kiranta Tani. Ta riga ta cika ƙwarya ta nufo ni, sai idonta ya faɗa kan gatarin.

"Kai mai gatari, sha ka zo ko sara?"

"Ban sani ba, Iya."

"In ba ka sani ba, sara ka zo. Wanda ya zo sha ba ya tsayawa a bakin ƙofa." Ta juye ƙwaryar cikin tukunya. "Bi bayan gonar raken can, ka tsallake rafi, za ka ji ƙarar gatari. Rabinsu ni na kore su da bakina. Ka ce wa Kofur bencinsa yana nan, kaji ke hawa."

Duk inda matar nan take, a raye ko a mace, ina yi mata fatan alheri. Da ta miƙo min ƙwaryar nan, da ba a haife ku ba.

Su tara na tarar. Manoma, makiyaya biyu, wani tela, da Kofur Audu, tsohon soja mai ɗingishi wanda ya koyo sha a bariki. Shi ya fara hango ni.

"Jama'a ga sabon kurtu! Dubi hannunsa yana rawa kamar mai kiɗan kalangu. Ku matsa kar ya sare mana ƙafa, ni ɗaya ta rage min."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba wanda ya tambaye ni ɗan gidan wa. Buba ya nuna min reshen darbejiya ya auna min da hannu, ya ce tsawon nan ake so, wanda zai gitta bakin ƙaramin ramin kabari ya zauna daram. Aikinsu kenan. Su sari itacen rufe kabari, su tara, Buba ya rarraba wa maƙabartun ƙauyuka a kan jaki. In damina ta faɗa da wani kabari su je su gyara. Na tambayi dalilin da ya sa sai ranar kasuwa. Buba ya ce ai ita ce ranar sha. Daga hantsi zuwa la'asar, nan ne shaiɗan ke cin kasuwarsa, to a wannan lokacin suke so hannu ya kasance da aiki, ido kuma yana kallon inda za a ƙare.

Bayan azahar aka shimfiɗa buhuna aka zauna, aka kawo kunun tsamiya a ƙwarya. Kofur ya ce ƙwaryar dai ita ce, abin cikin ne ya musulunta. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Buba ya juya ga na kusa da shi ya ce hura min. Mutumin ya buɗe baki ya hura masa a fuska. Shi ma ya juya ga na gaba. Dattawa masu furfura, suna shaƙar numfashin juna kamar yara. Da aka zo kaina na ji kamar ƙasa ta tsage, don jiya na sha. Na hura wa telan. Bai yamutsa fuska ba, bai ce subhanallahi ba.

"Na jiya ne," ya ce. "Yau fa?"

"Yau ban sha ba."

"To kasuwa ɗaya kenan. Allah ya ƙara."

Duk suka ce amin. Haka suke ƙirga, ba da kwana ba, da kasuwa. Kowa ya faɗi sunansa da kasuwarsa, sannan in yana da abin da ke cinsa ya faɗa. Wani ya ce matarsa har yanzu tana ɓoye masa awaki a gidan iyayenta, kuma bai ga laifinta ba. Wani ya ce ya bi ta ƙofar Tani sau uku a makon nan yana karanta duk abin da ya iya. Doka biyu ce kawai. Ba a yi wa mai magana wa'azi, kuma abin da aka faɗa a gindin tsamiya a nan ake binne shi. Ranar na ba da labarin kabarin Baba da bakina, karo na farko. Na yi kuka har majina. Kofur ya miƙo min hularsa ya ce share, dama wanki take jira.

Na yi kasuwa goma sha tara. Makonnin farko ba daɗi, zufa, rawar jiki, faɗa da kowa a gida. Daga baya abinci ya fara daɗi. Inna ta ce wa Hajara ki gaya wa wancan ya yi ƙiba, ki ƙara masa tuwo.

Sai wani abokina na aikin dam ya yi aure a Karaye. Na ce zan je in yi Allah sanya alheri in dawo. Aka ce ɗaya tak, don ango. Sai washegari da rana na ganni a rumfar wani mai faci, ba takalmi.

Abin da ya biyo baya shi nake so ku fahimta, don shi ya kusa kashe ni, ba giyar bikin ba. Tun muna yara muke jin cewa wanda ya sha, kwana arba'in ba a karɓar sallarsa. Sai na yi lissafin banza. Na ce tunda ba a karɓa, me zan yi da alwala? Tunda kuma arba'in ɗin ta riga ta hau kaina, in na ƙara yau ai duk tafiyar ɗaya ce. Na daina salla, na daina zuwa tsamiya. Kasuwa biyu suka wuce.

A ta uku, da rana tsaka, sai ga sallama a ƙofar gida da muryar da ake ji har masallaci. Kofur ne a kan keke, da ƙafarsa ɗaya da rabi, tun daga ƙasar Rogo. Baffa yana zaure da baƙi.

"Ina kurtuna? A ce masa ya fito, an yi fareti ba shi!"

Na fito ina rufe baki. Ya ja ni gefe, ya ce hura min. Na ce ba sai na hura ba. Na gaya masa lissafina na arba'in. Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Duk mun yi wannan lissafin, shi ya sa Buba ya je ya tambayi malamai tun kafin ka san hanyar tsamiya. Ladan ake riƙe maka, ba sallar aka ɗauke maka ba. Kuma ƙofar tuba ba a sa mata kwaɗo ba. Soja in an kai shi gadurum, ɗakin horo, tuɓe kaki yake ya ce ya bar aiki? Je ka yi wanka ka yi azahar, ina jira."

Ina fitowa Baffa ya tare ni a zaure. Ya sallami baƙinsa, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Yanzu har gida mashayan Rogo za su riƙa biyo ka? Ina rufa maka asiri kana yayewa? Zaɓi ɗaya. Ko ka rabu da mutanen nan mu ci gaba da magani a cikin gida, ko in raba maka kwano."

Ku yaran birni ba ku san nauyin wannan ba. A gidanmu maza kwano ɗaya suke ci, gona ɗaya suke nomawa. A raba maka kwano, an ce kai ba ɗan gida ba ne. Na tsaya ina kallon Baffa, ina kallon Kofur a rana yana fifita da hula. Ban tsani Baffa ba, kuma kar ku tsane shi. Sunan gida yake karewa iya saninsa. Amma maganinsa kwana tara ya yi min, nasu kasuwa goma sha tara. Na ce Baffa ka yi haƙuri. Na ɗauki gatari.

Daga ranar ni kaɗai nake ci a ƙofar ɗakina. Aka yankar min wata 'yar gona mai tsakuwa a bakin hanya. Wannan rabuwar ce asalin zuwana Kano daga baya. A gindin tsamiya kuwa na ce ni Auwalu, kasuwa ɗaya. Ba wanda ya ce ina goma sha taran. Suka ce Allah ya ƙara.

Ina kasuwa ta biyar, muna cikin sara, mijin Hajara, wanda bai daɗe da aurenta ba, ya iso a keke yana haki. Inna ta kwana biyu da zazzaɓi, da safe na bar ta tana shan koko. Ya ce ta cika.

Ban ce kowa ya biyo ni ba. Na waiga kawai na ga Buba yana ɗora wa jaki itace, cikin wanda na sara da hannuna a safiyar. Su tara suka biyo ni har Kurugu. Kafin a gama wanka da sutura sun haƙa kabari, gyararre, ba wanda ya taɓa ganin irinsa a garin. Mutanen da ake nunawa da baki, ga su jiƙe da gumi a kan kabarin uwata.

Aka yi salla bayan la'asar, aka kawo ta. Aka ware mayafi za a yi mata rumfa kamar yadda ake yi wa mata. Na cire takalmi na taka bakin ramin. Sai hannun Baffa ya gitta ƙirjina.

"Arba'in ɗinsa ba ta cika ba," ya ce wa liman, bai ko kalle ni ba. "Kowa ya san abin da ya yi tun daga Karaye."

Liman ya ce Malam Hamidu, wannan ba ya hana ɗa saka uwarsa, in dai yana cikin hankalinsa. Baffa ya ce wa ya san cikin hankalinsa yake, yau fa ranar kasuwa ce. Hannun nan bai sauka ba. Inna tana kan makara tana jira.

Da a da ne, da na ja baya kamar wancan karon, ko in yi rantsuwa da Alƙur'ani a banza. Amma na yi wata da watanni ina abu ɗaya duk mako, har ya daina yi min ciwo. Na juyo na fuskance shi.

"Baffa, in hura maka?"

Wani ya ce a'uzubillahi a baya. Ɗa ya hura wa ƙanin ubansa baki a fuska, a gaban gari, a bakin kabari, ba a taɓa yi ba. Baffa bai kau da fuska ba. Na matsa na buɗe baki na hura masa, a hankali, har numfashina ya ƙare. Ba goro, ba darbejiya. Kunun tsamiya ne kawai.

Ya daɗe a tsaye. Sai hannun ya sauka.

Na shiga. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ce bismillahi, na kwantar da ita a damanta, na juya fuskarta gabas, na sassauta ɗaurin likkafani. Buba yana miƙo itace ina jerawa, kowanne ya zauna daram. Da zan fito wani ya miƙo min hannu. Sai da na hau na ga na Baffa ne. Bai mayar min da kwano ba har ya rasu, amma ranar tasa ni na saka shi, shi ya bar wasiyya.

Tun daga wannan kasuwa ɗayan ban sake ba. Na daina ƙirgawa da baki, amma a zuci na san adadin. Buba da Kofur duk sun rasu, tsamiyar ma an sare ta. A nan birni mu shida ne, muna haɗuwa a maƙabartar unguwa, biyu a cikinmu ba su kai talatin ba, kuma ba giya ce ta kawo su ba.

Shekaranjiya ina neman caja a ɗakin samari, na ga kwalaben maganin tari guda huɗu a bayan katifa, duk babu komai ciki, kuma ba mai tari a gidan nan. Ban kira suna ba, ba zan kira ba. Ba zan raba wa kowa kwano ba. Gatarin Baba yana bayan shago, ina fita ƙarfe goma ranar da kuka sani, kuma akwai wuri a bayan mashin.

Ni dai na kusa, gwiwa ta fara gaya min. Ran da aka ajiye makarata a bakin rami, wa zai cire takalmi ya shiga a cikinku, kuma in aka ce ya hura, zai iya?